Na Faɗa wa Suruki, Ban Faɗa wa Lauya Ba

Ni na fara gane shi. Kafin matata Barakatu, kafin ɗana Mustapha da ke ganin ya fi kowa wayewa a gidan nan, kafin ita kanta yarinyar da abin ya shafa. Ranar da baƙar motar nan ta tsaya a ƙofar gidana a Doguwa, mai ita ya fito, bai dubi ƙofar ba sai da ya gama duban dutsen da ke bayan gonata. A nan na ce a raina, wannan ba mata kaɗai ya zo nema ba. Yau kowa na cewa ai shi ma jikinsa ya ba shi. Ƙarya suke. A lokacin guɗa suke yi.

Ku masu karatu a waya, ku san da wanda kuke magana. Sunana Rufa'i, daga nan har Tudun Wada Rufa'i Mai Kuza ake ce mini. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce. Faɗa nake ana rubuta muku, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya. Ina ɗan shekara goma sha tara ramin kuza ya rufta da mu a wajen Riruwai, mu bakwai. Kwana biyu na yi a ƙarƙashin ƙasa ina lasar laimar dutse. Shida aka yi wa salla, ni na fito da ƙafata. Tun daga ranar ban sake jin tsoron wani abu mai numfashi ba.

Maganar auren autata ce, Rufaida. Ma'aikaciyar jinya ce a Tudun Wada, shekararta ashirin da shida. Ni na tsaya mata ta yi karatu lokacin da 'yan'uwana ke cewa na lalace. Manema sun zo sun koma, malamin makaranta, mai shagon taki, har da wani ɗan siyasa, duk ta ce a'a, ni kuma na ce ba mai matsa mata. Sai wata Juma'a ta dawo gida da sabuwar waya mai murfi ruwan hoda, tana murmushi ita kaɗai a bakin murhu har tuwo ya kama. Uwarta ta dube ni, na dube ta.

Wanda ya ba ta wayar, sunansa Kamaluddeen, ɗan Bebeji, lauya. Amma ba irin lauyoyin da ke zama a gindin bishiya a bakin kotu ba. Wani kamfanin lauyoyi na duniya yake wa aiki a ofishinsu na Abuja. Sunan kamfanin sunayen Turawa ne guda uku a jere, har yau harshena bai iya ɗaukarsa ba. Mu dai Kamfanin Lauyoyi muke ce masa, shi kuma Barista.

Mustapha ne ya zo ya durƙusa kusa da ni da wayarsa, yana ja da yatsa, hotuna na wucewa.

"Baba, kalli nan. Wannan ofishinsu ne na Landan. Wannan na Dubai. Ofis arba'in da uku a ƙasashe talatin. Lauyoyi sun fi dubu huɗu."

"Duk rigima ce ta yi musu yawa haka?"

"Baba, gwamnatoci suke karewa. Bankuna, kamfanonin mai, masu jiragen sama. Ka ga wannan kofin na gilashi? Shekara biyar a jere su ake ba. In suka shiga shari'a, ɗaya ɓangaren tun a mota yake fara neman sulhu."

Na ga benaye masu sheƙi, na ga mutane cikin kwat sun harɗe hannu suna murmushi, baƙi da farare. Can ƙasa ga hoton Barista, ƙarami kamar na katin zaɓe. Barakatu ta karɓi wayar ta kai wa maƙwabta. Kafin magariba duk unguwa ta san Rufaida za ta auri Landan da Dubai.

Kun san yadda muke yi. In mutum ya fito neman 'yarka, sai ka tura a yi bincike. A je garinsu, a zauna da limamin unguwarsu, a tambayi mai shayi, a tambayi wanda suka taɓa yin faɗa da shi, a ji yadda yake da uwarsa. Haka aka yi mini, haka na yi wa duk wanda ya auri 'yata. Na tura Mustapha Bebeji. Da safe ya tafi, kafin azahar ya dawo, ko ƙurar hanya babu a takalminsa.

"Wa ka gani?"

"Baba, irin wannan ba a bincikensa. Kamfanin da ya ɗauke shi, cikin mutum dubu ɗaya suke zaɓa. Sun bincike shi tun daga firamare. Me mai shayin Bebeji zai gaya mana wanda Landan ba ta sani ba?"

Barakatu ta ce, "Malam, yaron nan gaskiya ya faɗa. Kada mu je muna tambaye-tambaye a ji, a ce ƙauyanci."

Na bar maganar a nan. Wannan ne kuskuren gidana: sunan kamfani muka bincika, muka bar mutumin. Nawa kuskuren yana gaba, kuma ya fi nasu girma. Zan faɗe shi da bakina, don ban saba a faɗa mini ba.

Asabar ta farko da ya zo gaishe ni, farar shadda ce a jikinsa, ɗinkin ya zauna, hula zanna, agogo mai baƙar fata, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Tun daga waje ya cire takalmi. Ya durƙusa har ƙasa, ya ƙi hawa tabarma sai da na ce sau uku. Ya ajiye wayarsa a kife a gefen tabarmar. Na ce a raina, ga ladabi, ba ya son waya ta katse dattijo.

A al'ada, mai neman 'yarka gaisuwa ce tsakaninku. Ina wuni, ina gajiya, Allah ya yi albarka, ya tashi. Suruki ba abokin hira ba ne. Amma shi da ya gama gaisuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, an ce kai ne ka fito daga ramin nan da ya rufta. Da gaske ne kwana biyu?"

'Ya'yana, shekara ashirin rabon da wani ya tambaye ni wannan. A gidana ina cewa "lokacin da muke rami" sai ka ga kowa ya tuna yana da aiki. Mustapha ya ce babur ɗinsa na kira, jikoki su watse. Ga mutum mai ofis arba'in da uku ya naɗe ƙafa a zaurena yana jira. Na san na ga idonsa a kan dutse. Na sani. Amma bakina ya buɗe.

Asabar huɗu ya yi yana zuwa. Rufaida na ciki ta ci kwalliya, atamfa shuɗiya da mayafi mai duwatsu, tana leƙe ta labule tana jiran a sallame shi ya zo zance, ni kuwa ina riƙe da shi. Na gaya masa yadda muke bin kuza a cikin ƙasa da fitila a goshi. Na gaya masa inda ramin ya tsaya, daidai ƙarƙashin gonakinmu na gindin dutse, inda kuzar ta fi kauri, aka bar ta saboda ruwa ya ci ƙarfinmu. Na bugi ƙirji na ce duk duniya ni kaɗai na rage da na san wurin.

"Ikon Allah. To Baba, gonar gado ce?"

Na yi dariya. Na ce gado daga ina? Da kamfanin haƙar kuzar ya tashi, Baturen da ke kula da mu ya kira mahaifina da sauran leburori, ya ce ku noma wurin nan har ranar da za a buƙace shi. Ba takarda, ba shaida. Mu muka tumɓuke duwatsu da hannu, muka mai da fako ya zama gonar da ke ba da masarar da ba ta da na biyu a Doguwa. Alfahari nake yi. Ya jinjina kai ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Aka kawo lefe, akwatuna suka cika ɗakin Barakatu, mata suka yi sati suna zuwa gani. Aka sa rana bayan an cire masara.

Masara na fitar da gemu wata wasiƙa ta zo. Ɗan saƙo ne a babur, ya raba wa gida goma sha ɗaya, duk masu gona a gindin dutse. Takarda mai kauri, mai santsi. Ban iya karatu ba amma na iya gane tambari, irin wanda na gani a wayar Mustapha ne sak. Rufaida ta dawo hutun ƙarshen mako, ko farar rigar aikinta ba ta cire ba, na miƙa mata.

"Auta, mutanen mijinki sun rubuto. Karanta mu ji ko gaisuwa ce."

Ta fara da murmushi. Tana karanta Turancin a ranta tana juya mini da Hausa. Wai suna magana ne a madadin wani kamfanin haƙar ma'adinai da ya samu lasisi. Wai mutanen da ke noma wurin ba masu shi ba ne, aro aka ba iyayensu. Sai ta tsaya.

"Ci gaba."

"Baba…"

"Na ce ki ci gaba."

Muryarta ta dushe. "Wai kamar yadda wani dattijo mazaunin wurin ya tabbatar, wanda shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin ma'aikatan ramin, an ba su ne su noma har ranar da za a buƙace shi."

Har ranar da za a buƙace shi. Maganata ce, ko wasali ba a canja ba. Ta tafi Abuja, ta tafi Legas, wataƙila ta leƙa Landan, ta sa kwat ta dawo ta same ni a tsakar gidana. Kuma ba a sa sunana ba, amma a Doguwa wa ya rage cikin mutanen rami? Gida goma suka karanta, gida goma suka san bakin da ya yi. Ranar a masallaci Malam Ghali, wanda muka yi shekara hamsin muna haɗa kan iyaka, ya ba ni hannu yana duban wani wajen.

Rufaida ta zauna a bakin rijiya tana danna waya, hawaye na ɗiga a kan gilashin tana gogewa da gefen hijabi. Da la'asar ta zo da kanta ta karanta mini abin da ita da Barista suka rubuta wa juna.

Ya ce: "Rufaida, don Allah ki saurare ni. Ba ni na rubuta wasiƙar ba, ofishinmu na Legas ne."

Ta ce: "Wa ya ba su maganar Baba?"

Ya ce: "A wurinmu duk abin da ka ji da ya shafi aikin da ke hannunka, dole ka rubuta ka miƙa. In ka ɓoye, ka gama aiki."

Ta ce: "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce: "Ba mu da izinin faɗin sirrin wanda muke wa aiki. Ko da kin zama matata. Aikina daban, son da nake miki daban. Wallahi ina sonki."

Ya sa hoton zuciya guda uku. Ta nuna mini su, ja, suna motsi.

Na zaci gidana zai tashi tsaye. Ina. Mustapha ya zo yana murza hula.

"Baba, a bi a hankali. Kamfanin nan ba a ja da shi. Da fartanya za ka je kotu? Gara muna da namu a ciki. Barista ma ya ce in aka fara aiki za a nemi direbobi."

Barakatu ta jira ya fita, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda take yi in maganar mai nauyi ce.

"Malam, gona dai ta tafi. Kada yarinya ta bi ta. Lefe na ɗaki, duniya ta gani. In aka fasa, wa zai sake fitowa? Shekararta nawa? Kuma tana sonsa, kai ma ka sani. Kwana uku ko koko ba ta sha ba, aiki ma ba ta koma ba."

Wannan ta ƙarshen ce ta kama ni. Ramin da ya rufta bai danne mini ƙirji kamar ganin kwanon abincin Auta na fitowa yadda ya shiga ba.

Asabar ta gaba bayan la'asar Barista ya zo. Shadda ruwan toka wannan karon, ya rame kaɗan, zan ba shi wannan. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Sannan ya buɗe jaka ya fito da takarda ɗaya da ɗan gwangwanin tawada na dangwale, ya ajiye a gabana.

"Baba, na zo ne in ba da haƙuri, kuma in roƙi alfarma. Wannan takardar rantsuwa ce. Abin da ka faɗa ne kawai, ban ƙara ba, ban rage ba. Bari in karanta maka."

Ya karanta da Hausa mai kyau. Fitila a goshi, ruwan da ya ci ƙarfinmu, Bature, mahaifina. Ya fi ni iya ba da labarina.

Na ce, "Duk gaskiya ne. Ni na faɗa."

Ya saki numfashi. "To sai ka dangwala a nan, Baba."

"Wa na faɗa wa?"

"Ni, Baba."

"Kai wa? Wanda ya cire takalmi a ƙofar nan mai neman 'yata ne. Shi na ba ruwa, shi na ba labari. Lauya bai taɓa yi mini sallama ba. Da ya yi, da na san irin zaman da zan yi da shi. Na faɗa wa suruki, ban faɗa wa lauya ba."

Ya yi ƙasa da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Baba, an riga an tura wasiƙa da maganarka a ciki. In babu yatsanka a ƙarƙashinta, manyana za su ce na kawo zancen da ba shi da tushe. A wurinmu suna shi ne komai. Shekara ɗari da wani abu suka yi suna gina shi. Wanda ya shafa masa tabo ba ya kwana a ofis. In aikin ya tafi, da me zan riƙe Rufaida?"

Kun ji inda ya kai ni. Auren 'yata a gefe guda, yatsana a gefe guda. Kuma ba ƙarya ya ce in yi ba, gaskiyata ya ce in sa wa hannu, gaskiyar da za ta tashi gida goma sha ɗaya daga gonakinsu. Ba zan ɓoye muku ba, na dubi babban yatsana. Farcen ya tsage tun a rami, bai sake fitowa daidai ba. Na tuna kwanon abincin nan. Hannuna ya fara tafiya wajen gwangwanin.

Sai labule ya motsa. Rufaida ta shigo da tiren ruwa, doguwar riga baƙa, ba hoda ba jan baki. Ba a shiga tsakanin uba da baƙonsa, ta sani, ni na koya mata. Ta ajiye tiren ta durƙusa.

"Baba, ka yi mini izini, tambaya ɗaya zan yi masa."

Na ɗaga mata kai.

"Kamal, ranar da ka fara tsayar da ni a bakin asibiti, ka ce ka ɓata hanya. A ranar ka riga ka san sunan mahaifina?"

Ya dubi takardar, ya dubi ƙofa.

"Rufaida, abin da ya biyo baya gaskiya ne. Na rantse miki."

"Ba shi na tambaya ba."

"Wannan… yana cikin abin da ba ni da izinin magana a kai."

Ta sa hannu a aljihun rigarta ta fito da wayar nan mai murfi ruwan hoda, ta ajiye ta a kan takardar, ta rufe gwangwanin tawadar da hannunta.

"Baba, a mayar musu da akwatunansu."

Ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ƙafarsa ta kasa samun takalmi sai da ya sunkuya. Motar ta tashi, yaran unguwa ba su bi ta ba.

Na juyo ina jin kaina ya kai rufin zaure. Na ce, "Auta, jinina ce ke. Allah ya yi miki albarka."

Ba ta ce amin ba. Tana durƙushe tana duban tabarma.

"Shi tambaya ya yi, Baba, aikinsa ke nan. Amma mu da aka haifa a gidan nan, muka yi ta cirar ciyawa a gonar nan, ba ka taɓa gaya mana ta aro ce ba. Baƙo ka gaya wa."

Na so in ce ai ba ku taɓa zama kun saurara ba. Yana bakina. Na haɗiye shi, don na ga fuskarta.

Da safe ta hau motar Tudun Wada. Yau sati bakwai. Juma'a na zuwa tana wucewa, ba ta dawo ba. Maganin gwiwata dai yana zuwa a kan lokaci, direba ke kawowa a baƙar leda, ba saƙo, ba gaisuwa. Barakatu na ajiye mini tuwo ta juya. Mustapha ya kai akwatunan Bebeji, ya dawo yana cewa sai a ranar ya ga unguwar su Barista. Wasiƙa ta biyu ta zo, tambari ɗaya, sa hannun wani daban. An ce za a kira ni kotu a Kano bayan kaka, lauyoyi uku za su taso daga Legas saboda tsoho ɗaya da bai san bihim ba. Su taso. Masarata na tsaye, ta fi ta bara, kuma ni zan cire ta.

Wanda ke ganin tsoho ya ƙara gishiri, motar Doguwa na tashi daga Kano kullum. Ya zo, ina zaure. Zan miƙa masa babban yatsana ya juya shi gaba da baya, in ya ga ɗigon tawada ya tofa mini yawu a gaban jama'a. In kuma yana ji da ƙarfin hali, a hanyarsa ta komawa ya sauka a Tudun Wada, ya nemi Rufaida, ya tambaye ta ko ta yafe wa ubanta. Ni na fito daga ƙarƙashin ƙasa, amma wannan tambayar ban iya yin ta ba.